Kwanon da Na Ajiye a Ƙofar Mai Takaba

Da sunan Allah mai rahama. Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu. Ni dai ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, shi ma sai na sami kusurwar da ba wanda zai yi min magana. Sau huɗu ina rubuta shafin nan ina gogewa. In kun ga na yi gaba na dawo baya ku yi min uzuri, har yau in na tuna Asabar ɗin nan sai yatsuna su ƙi zama a kan waya.

Sunana Sakinat, shekarata ashirin da ɗaya. A Sabo aka haife ni, nan cikin Ibadan. Babana albasa yake sayarwa a kasuwar Bodija. Gidan haya muke zaune, irin dogon gidan nan mai siririn lungu a tsakiya, ɗaki na kallon ɗaki, ɗakuna goma sha ɗaya, kicin da rijiya da bayi duk a baya. Biyu daga ciki namu ne. Mama takan ce wai da, a lungun nan ake shimfiɗa tabarma da yamma, mata su haɗa kwanukansu a ci tare. Ni ban tarar da wannan ba. Abin da na tarar, kowa ya shigo ya saki labulensa. In kana son sanin lafiyar maƙwabcinka, sitatus ɗinsa za ka duba. Kuma kar ku ce zagin mutane nake yi, ni ce shugabarsu. Tabarau a ido, iyafis a kunne, kai a sunkuye. Sai in sha kuka saboda wata yarinya ta cikin littafi, in fito in wuce mutum a lungu ban gaishe shi ba, wai ni mai kunya.

Ranar Asabar ɗin ne manyan Jamil za su zo gaisuwa wajen Baba. Jamil ɗan Sabo ne shi ma, gyaran waya yake yi a Mokola, a can muka haɗu ranar da gilashin tawa ya fashe. Shekara guda muna tare, kusan duk a rubuce, don in ya tsaya a gabana bakina mutuwa yake yi. Ina son sa, wannan ba sai na ɓoye muku ba. Mama kuwa tun da aka tsayar da ranar ba ta sake zama ba.

"Gwaggonsa Inno za ta zo," ta yi ta nanata min. "Matar nan in ta shiga gida ƙarƙashin kujera take fara dubawa. Ki natsu, Sakinat, ki ajiye wayar nan ki zama mutum na kwana ɗaya."

Yanzu bari in gaya muku wadda ke ɗaki na ƙarshe, wanda bangonsa ɗaya da inda katifata take.

Nata'ala ɗan dako ne a Bodija. Bara ya ɗauko matarsa daga wani ƙauye can wajen Katsina, siririya, ba ta fi ni da shekara biyu ba. Wata biyu kafin ranar da nake ba ku labari zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, ya rasu. Danginta suka yo waya suka ce ta yi takabarta a ɗakin mijinta kamar yadda ake yi, wata huɗu da kwana goma, in ta gama a zo a ɗauke ta. Ba ta jin Yarbanci, ba ta jin Turanci, wayarta 'yar ƙarama ce mai tocila, don haka ko guruf ɗin gidan ba ta ciki. Mai takaba kuwa kun sani, ba ado, ba yawo, ba tsayawa hira da maza. Da asuba take fitowa ta ɗebi ruwa ta koma ta rufe.

Satin farko kowa ya yi ƙoƙari, ba zan ci amanar kowa ba. Har matan gidan suka raba kwanaki: kowane ɗaki da ranar da zai kai mata abinci. Bayan sadakar arba'in abin ya watse, kuma ba wanda ya ce ya watse. Kowa na zaton na kusa da shi yana kaiwa. Mama ce dai ta riƙe ranarta, Laraba.

Ranar Laraba Mama ta zuba tuwon shinkafa da miyar kuɓewa a kwanon samira ta miƙo min. Ina tsakiyar wani babi, an kusa gane wanda ya sace amarya. Na je, na ƙwanƙwasa sau ɗaya, a hankali, ido na kan waya. Shiru. Na ce ƙila salla take yi. Na ajiye kwanon kusa da silifas ɗinta na dawo.

"Ta karɓa?" in ji Mama.

"Ta karɓa. Tana gaishe ki."

Wallahi ban ɗauke shi ƙarya ba a lokacin. Gajarta magana na ɗauke shi.

To, ranar Asabar bayan azahar, gidan ya ɗauki ƙamshin cincin da turaren wuta, lallen hannuna ya yi ja har ya soma baƙi, Mama ta ɗora min tsintsiya.

"Tun daga bakin titi har ƙofar bayi. Kar a ce ƙazamai ne mu."

Na sharo har ƙarshen lungu. Sai tsintsiya ta bugi wani abu, ƙwal.

Kwanonmu ne. A inda na ajiye shi, ko juya shi ba a yi ba. Layin tururuwa ya taso daga gindin bango ya hau gefensa. Na tsuguna na ɗaga murfin, tuwon ya yi funfuna fari fat kamar auduga, miyar ta kumbura ta yi kumfa. Silifas ɗinta guda biyu a jere, bakinsu na kallon ƙofa, ƙura ta kwanta a kansu.

Na ƙwanƙwasa.

"Salamu alaikum. Baiwar Allah?"

Shiru.

Na tura ƙofar. Ta motsa kaɗan ta tsaya. Ba kwaɗo a waje. Sakata ce, ta ciki.

Maman Ihsan, wadda ɗakinta ke fuskantar namu, tana zaune bakin ƙofarta a kujerar tsuguno tana ƙyalƙyala dariya da wani bidiyo.

"Maman Ihsan, don Allah yaushe rabonki da ganin matar Nata'ala?"

Ba ta ɗago ba. "Amarya, amarya! Mu ga lallen. Kai, wa ya yi miki?"

"Matar Nata'ala nake tambaya."

"Takaba fa take yi, abeg ki ƙyale ta. Mai takaba ba ta son hayaniya. Da asuba take fita, ni kuwa asubata kin san ta." Ta yi dariya. "Shebi ku ne masu Laraba?"

"Alhamis ta waye?"

"Suwaiba mana."

"Suwaiba ta tashi daga gidan nan tun watan jiya."

"Au. Haka fa."

"Juma'a kuma?"

Sai a nan ta ɗago. Juma'a tata ce, mu duka mun sani. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta mayar da ido kan waya.

"Ke dai yau ranarki ce, kar ki jawo wa kanki abin da ya fi ƙarfinki. In da wani abu ai da mun ji wari."

Na tafi ɗaki na farko wajen Malam Mahmuda tela. Yana taka keke, wa'azi na tashi daga wayarsa. Na durƙusa na gaya masa. Ya tsayar da keken, ya shafa gemu.

"Subhanallahi. To ai ni namiji ne, 'yata. Ba ya kyautu in tsaya a ƙofar mai takaba, balle in taɓa ƙofar. Ku mata ku duba. Allah ya sa lafiya." Ya ci gaba da taka kekensa.

A kicin na sami Mama tana tsame cincin daga mai, gumi na ɗiga daga haɓarta. Da ta ga kwanon a hannuna sai mataci ya tsaya a sama.

"Wannan ba na Laraba ba ne?"

Na gyaɗa kai.

"Ba kin ce ta karɓa ba?"

Na ajiye kwanon a ƙasa.

"Sakinat!" Ta dafe ƙirji. Ta leƙa lungu, ta dawo ta jawo ni jikinta, ta rage murya. "Kin taɓa ƙofar?"

"A rufe take ta ciki. Mama, mu kira Baba a ɓalle."

"A ɓalle? Yau? Kin manta abin da ya faru a layin baya bara? Aka fasa ɗaki aka sami gawa, duk mazan gidan sai da suka kwana biyu a caji ofis ana yi musu tambayoyi. So kike baƙi su iso su tarar da motar 'yan sanda a ƙofar gida, babanki a bayanta? Ki bari su zo su tafi. Awa biyu ne, uku. Wadda ta yi kwana uku..."

Ita ma ta ji abin da ta faɗa. Idonta ya ciko, mai na ƙonewa a bayanta. Mama ba muguwa ba ce, ina so ku san wannan. Tsoro ne, irin wanda ni ma na gada.

"Da sun fita ni da kaina zan sa a ɓalle," ta ce. "Je ki yi wanka."

Kuma na je. Wannan shi ne abin da ba na iya yafe wa kaina. Na yi wanka, na shafa humra, na sa atamfata ruwan ganye mai zanen tsuntsaye da Malam Mahmuda ya ɗinka, riga da siket, na ɗaura kallabi sau uku yana zamewa. Wayata ta yi ƙara. Jamil ne.

"Gimbiya, wane kala kika sa? Ni zan tuƙo su Kawu, a mota zan jira, ko ta taga ki ɗan leƙo."

Na rubuta masa: "Ina jin tsoro. Maƙwabciyarmu kwana uku ba ta buɗe ƙofa ba."

"Wacce?"

"Mai takaba."

"Ai shi ya sa. Ibada take yi. Kar ki sa damuwa a fuskarki yau, Inno na karanta fuska kamar jarida." Ya haɗo da hoton zuciya guda uku.

Na zauna a bakin katifa ina kallon bangon. A nan ne abin da nake ta turewa tun ɗazu ya dawo min gaba ɗaya. Ranar Alhamis da hantsi, ina kwance a nan ina karatu, na ji ana bubbuga bangon nan. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Kamar da cokali. Ya tsaya, ya sake. Na ce a raina ƙusa take kafawa, ko ɓera take kora. Na ƙara ƙarar waƙa a kunnena.

Na kanga kunne a bango. Babu komai sai bugun zuciyata.

Bayan la'asar suka iso. Na ji sallamar maza, na ji muryar Baba ta canza ta zama ta baƙi, na ji Mama na "lale, lale, sannunku da zuwa." Ni dokata ita ce in zauna a ɗaki, kar a ji ko tarina sai an kira ni. Na zauna minti biyar.

Sai na miƙe. Ba jarumta ba ce, kar ku yaba min. Zaman ne ya fi fitar ban tsoro.

Na bi ta kicin na zagaya bayan gida, inda kwata ke bi ta ƙarƙashin tagogi. Tagarta a sama take. Na kifa bokitin wani na hau, siket ɗina na jan ruwan kwata. Gilasan tagar a rufe, amma ɗaya ya fashe tun tuni an toshe da kwali. Na ture kwalin, na sa tsinke na ɗage labule.

Zafi da wani irin wari suka bugi fuskata, tabarauna ya yi hazo. Na goge da mayafi na sake leƙawa. Duhu. Sannu a hankali na soma gani. Katifa ba kowa. Buta a kife. Sai ƙafa. Ƙafa a ƙasa, tsakanin katifa da ƙofa, tafinta fari, zane ya naɗe a ƙwauri.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," na ji bakina na faɗi. "Baiwar Allah! Ni ce, ta ɗakin kusa! Kina ji na?"

Ƙuda ya tashi daga ƙafar ya sake sauka.

"Don girman Allah in kina ji na ki motsa!"

Na ƙura ido har hawaye ya rufe min gani. Sai babban yatsan ya lanƙwashe. Kaɗan. Ya miƙe.

Ban san yadda na sauko daga bokitin ba. Na ga dai kaina a titi, takalmi ɗaya a ƙafa, masu okada na kallona. Motar yayan Jamil na gefen masallaci, an wanke ta tana sheƙi. Yana ciki cikin farar shadda, hula a gwiwa, yana danna waya. Na buga gilashin.

"Sakinat! Kin haukace? Inno na ciki fa! In aka gan ki a titi haka..."

"Da ranta. Na gan ta, ta motsa. Ba ni ƙarfen taya."

"Ƙarfen me? Tsaya, numfasa. Ki saurare ni." Ya waiga hagu da dama. "Minti ashirin su Kawu sun fito. In kika fasa ƙofar nan ta cika a hannunki, wa za a riƙe? Nan Ibadan ne, kin san yadda abin yake. A kira mai gidan."

"Mai gidan na can Akinyele, da nisa. Jamil, buɗe but ɗin motar."

"A gaban dangina za ki ratsa da ƙarfe a hannu?"

"Buɗe."

Shekara guda ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ranar. Ya daɗe yana kallona. Sai na ji ƙwas, but ya ɗaga. Bai fito ba. Ni na ɗage kafet na zaro ƙarfen, mai ya ɓata min lalle.

Ta ƙofar gaba na shiga, don ta fi kusa. Na wuce takalman baƙi a jere a ƙofar falonmu. Ta bayan labule na ji wani dattijo na cewa, "To Alhaji, mun zo ne da alheri, ɗanmu ya ga..." Na wuce.

Bugun farko ƙarfen ya zame ya kusa faɗo min a ƙafa. Na biyu ya yi ƙarar da ta cika gidan. A na uku duk labulen da ke lungun nan sai da ya ɗaga. Mutanen da na yi wata ban ga fuskarsu ba suka fito. "Kilode?" "Lafiya?" "Wace ce?" Ba wanda ya matso. Wayoyi dai suka tashi sama, ɗaya, biyu, huɗu, duk suna kallona.

"Sakinat!" Muryar Baba ce. Ban taɓa jin ta haka ba.

Ban waiga ba, don na san in na waiga zan saki ƙarfen. Ina kuka ina bugu, ƙofar ko gezau.

Sai na ji ƙamshin wani turare a kafaɗata. Wata 'yar tsohuwa ce, gajeriya, da haƙorin Makka da farin mayafi mai duwatsu. Ta dube ni daga kallabin da ya zame har ƙafata mara takalmi.

"Ke ce yarinyar?"

"Ni ce, Hajiya."

"Wa ke ciki?"

"Mai takaba ce. Kwana uku. Da ranta."

"To ba haka ake yi ba, sai ka ce mai sussukar gero. Sa bakin ƙarfen nan, daidai sakata. Yawwa. Danna, in taya ki."

Inno ce. Ta ɗora hannayenta a kan nawa muka danna tare. Katakon ya yi ƙara, ya tsage, ƙofar ta buɗe rabi ta tokare da wani abu mai taushi.

Kafaɗarta ce.

Muka raɓa muka shiga. Tana kwance rigingine, leɓɓanta sun tsattsage sun yi fari, idonta a buɗe kaɗan ba ya kallon komai. Hannunta na miƙe wajen sakata, saura kamar taki ɗaya. Jikinta zafi kamar murfin tukunya. Inno ta yar da mayafinta a ƙasa ta durƙusa, ta sa kunne a ƙirjinta, ta shafa cikinta, sai ta tsaya cak.

"La ilaha illallahu. Ciki gare ta. Ya kai wata biyar." Ta ɗaga murya. "Ruwa! A cokali, ba a kofi ba! Ke mai wayar nan, sauke ta ko in sauke miki ita!"

Maman Ihsan ta ɓoye wayar a zane ta ruga kicin. Mama ce ta kawo ruwan, rabi ya zube a hanya. Inno ta ɗiga a bakin. Maƙogwaron ya motsa.

"Wa ke kawo mata abinci?"

Kowa ya dubi na kusa da shi.

"Wa ya gan ta jiya? Shekaranjiya?"

Lungu ya yi tsit, sai wa'azin Malam Mahmuda da ke tashi daga can ƙofa.

"Alhaji," ta ce da Baba, ba ta ko waiga ba, "ɗaki nawa ne a gidan nan?"

"Goma sha ɗaya, Hajiya."

"Goma sha ɗaya," ta maimaita. Ba ta ƙara komai ba. Da ma ta yi zagi da ya fi sauƙi. Na ga Kawu Muhammad Sani, dattijon da ke magana ɗazu, ya gyara babbar rigarsa ya ce da Baba a hankali, "Maganarmu a ɗan dakata da ita tukuna." Kan Baba ya sunkuya.

A zanen gado muka ɗauko ta, ni da Mama da Inno da Maman Ihsan, kowa da kusurwa. Ba ta da nauyi, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Maza suka manne da bango suna kau da kai. Malam Mahmuda na gefe yana cewa, "Lalura ce, ya halatta ta fita, ya halatta."

"Mun gode da fatawa," in ji Inno. "Matsa."

Jamil na tsaye a ƙofar gida, ya riga ya juyo da motar, ƙofar baya a buɗe. Ban san yaushe ya yi ba, kuma bai kalle ni ba. Na shiga aka ɗora kanta a cinyata, Inno ta riƙe ƙafafun. Mama ta tsaya a bakin titi, hannu biyu a ka.

A shataletalen Mokola muka cije. Mota ba gaba ba baya, keke da okada sun cushe ko'ina. Jamil ya danne hon, ya zuro kai waje yana ihu, "E jo! E jo! Don Allah! Mara lafiya ce, ku ba mu hanya!" Direban wata bas ya kalle mu ya ɗaga kafaɗa. Wani mai tallan ruwa ya leƙo, ya ga fuskarta, ya wuce mota ta gaba. Numfashinta na fita gajere gajere, yana tsayawa, sai na ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan ya dawo. Duk tsayawar da ya yi sai in ji kamar nawa ne ya tsaya.

"Yi mata salati a kunne," in ji Inno. "Kar ki bari ta tafi."

Ina yi, Jamil ya kalle ni ta madubi.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun azahar."

Ya gyaɗa kai. Da na bar shi a haka. Amma kanta na kan cinyata, ina jin zafinsa har cikin ƙashi.

"Tun Alhamis," na ce. "Ta buga bango. Na ji. Na ƙara waƙa."

Inno ta ɗago ta dube ni, ta mayar da ido kan ƙafafun da take murzawa. Jamil ya haye gefen titi da motar yayansa, ƙasanta na kartar dutse, ya kutsa ta wani lungu.

Wani ƙaramin asibiti ne a bayan Mokola. Aka turo gado aka ɗauke ta, Inno na biye tana riƙe da hannunta har bayan wani koren labule.

"Ke mai boko, tsaya ki cika musu takarda," ta ce da ni.

Nas ɗin da ke kan tebur Bayarabiya ce, mai ƙiba, da tabarau a kan hanci. Ta dubi lallena, ta dubi atamfar da ta jiƙe da ruwan kwata, ta dubi ƙafata.

"You be family? Likita ba zai sa mata komai ba sai ɗan uwa ya sa hannu. In wani abu ya faru, wanda ya sa hannu za a nema."

Jamil na bayana, ina jin numfashinsa. Ya ce a hankali, "Sakinat, ki yi tunani."

"Egbon mi ni," na ce da ita. "Yayata ce. Ni zan sa."

Ta ɗan daɗe tana kallona ta saman tabarau. Sai ta turo takardar ta ɗora biro a kai, ta nuna layin farko da farce.

"Oya. Sunanta."

Na ɗauki biron. Na ɗora bakinsa a kan layin.

Wata takwas muna kwana bango ɗaya tsakaninmu.

Na waiga wajen Jamil, ya girgiza kai. Na zaro waya na kira Mama, bugu ɗaya ta ɗauka.

"Ta cika?"

"Da ranta. Mama, mene ne sunanta?"

"Sunan wa? Matar Nata'ala mana."

"Nata, Mama. Sunanta na yanka."

Sai na ji takunta, na ji ta fita lungu, na ji hayaniyar mutanen gidan da har yanzu ba su watse ba. Mama ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, don Allah, wa ya san sunan matar Nata'ala?"

Hayaniyar ta mutu. Na matse wayar a kunne ina jira. Ina jin kukan wani jariri, ina jin akuya a waje, ina jin Mama na numfashi.

"Sister," in ji nas, tana buga tebur da yatsa, "time dey go, lokaci na tafiya."

Daga bayan koren labulen wani ƙarfe ya faɗi ƙasa, aka soma gudu, sai muryar Inno ta tsaga asibitin.

"Sakinat! Zo nan! Bakinta na motsi, wani abu take son faɗa!"